Hoton jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa ta jijiyar wuyan hannu

Wannan hanya ce ta duba jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa, inda ake zura siririn bututu, wato kateta, ta jijiyar rediyal da ke wuyan hannu ta ɓangaren babban yatsa, maimakon ta gindin cinya. Ana tura ruwan rini mai ɗauke da aidin, a ɗauki hoton eksire yayin da yake bin jijiyoyin, a gano kumburin bangon jijiya, toshewa ko curewar jijiyoyi. Likitan Portugal Egas Moniz ne ya fara hoton jijiyoyin ƙwaƙwalwa a Lisbon a 1927. Shiga ta wuyan hannu kuwa daga likitocin zuciya aka aro ta, bayan rahoton likitan zuciya Lucien Campeau na 1989.

Galibi hannun dama ake amfani da shi. Da na'urar sikanin ake auna jijiyar, kuma an fi son faɗinta ya kai milimita 2. Bayan allurar kashe zafi, sai a huda ta da siririyar allura, a zura waya, a bi ta da gajeren bututun shiga mai santsi. Nan take ake tura haɗin magani: nitrogilisarin wajen maikirogiram 200 da berapamil miligiram 2.5 don jijiyar ta saki, sannan hefarin don kada jini ya daskare. Haɗin yana ƙuna a hannu, shi ya sa ake gauraya shi da jinin majiyyacin a tura a hankali.

Wahalar aikin tana bakan awota, wato babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya. Kateta da ta fito daga hannu sai ta juyo baya kafin ta hau wuya, don haka ake ɗaukar kateta samfurin Simmons 2 mai lanƙwasa, a gina lanƙwasar a cikin awota, sannan a ja ta ta faɗa jijiyar da ake nema. Jijiyar bayan wuya ta hagu ce ta fi wuyar samu daga hannun dama.

Matsalar da ta fi yawa ita ce jijiyar ta tsuke ta damƙe bututun, musamman ga mai ƙananan jijiyoyi, ko mai fargaba, ko wanda aka huda sau da yawa. Ba a fizgewa, domin jijiyar na iya yagewa. Ƙara magani ake yi, a ɗumama hannun, a jira. Idan jijiyar ta yi madauki kusa da gwiwar hannu, wani lokaci sai a koma cinya.

Da an gama, ana ɗaura maɗauri mai iska, a rage iskar har jini ya riƙa wucewa ba tare da ya zuba waje ba. Matsewa fiye da kima kan toshe jijiyar. Ana sassauta maɗaurin cikin awa 1 zuwa 2, kuma majiyyaci na iya tashi zaune nan da nan, ba kamar ta cinya ba inda yake kwance miƙe na sa'o'i. Kumburin dantse mai tauri da zafi alama ce ta zubar jini a ciki, kuma a sanar da likita ba tare da jinkiri ba.