Ƙarya da gulma a koyarwar Kirista

Zunubin harshe shi ne sunan da masu wa'azin Kirista kan ba duk maganar da ke yaudarar mutum ko ta cuce shi: ƙarya, shaidar zur, ƙazafi, gulma, annamimanci, zagi da baƙar magana. A jihar Tahoua, inda Kirista tsiraru ne a tsakiyar Musulmi, ana wannan wa'azi da Hausa a majami'u irin na Galmi, garin da mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) ta buɗe asibiti a 1950. Kalmomin kuwa na kowa ne. Giba da zur da annamimanci duk daga Larabci suka shigo Hausa, kuma fasto da liman da su suke jan kunnen jama'a.

Tushensa a Littafi Mai Tsarki

Dokoki Goma sun hana yin shaidar zur a kan maƙwabci (Fitowa 20:16). Katolika da Lutheran suna lissafa ta a doka ta takwas, sauran ikilisiyoyin bishara kuma ta tara. Asalinta dokar shari'a ce: Maimaitawar Shari'a 19 ta ce ba a kama mutum da bakin shaida guda, sai biyu ko uku, wanda kuma ya yi shaidar ƙarya a yi masa abin da ya so a yi wa ɗan'uwansa. Labarin Nabot a 1 Sarakuna 21 ya nuna dalili. Yezebel, matar sarki Ahab, ta sa mutum biyu suka ce ya zagi Allah da sarki, aka jejjefe shi, Ahab ya ci gonar inabinsa.

Littafin Karin Magana ya fito da batun daga gaban alƙali zuwa tsakar gida. Cikin abubuwa bakwai da ya ce Ubangiji yana ƙi (6:16-19), har da harshe mai ƙarya, da mai shaidar zur, da mai haɗa ƴan'uwa faɗa. Ya kuma ce wuta kan mutu in ba itace, haka rigima in ba magulmaci (26:20). Wasiƙar Yakubu sura 3 ta kwatanta harshe da linzamin doki da kuma ɗan tartsatsin da ke cinye kurmi. Wanda ya taɓa ganin gobarar daji ta cinye makiyaya bayan kaka ba ya neman a fassara masa wannan. Yesu kuwa ya taƙaita: "i" ta zama "i", "a'a" ta zama "a'a" (Matiyu 5:37).

Ra'ayin malaman ikilisiya

Agustin, bishop na Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, ya rubuta littafi kan ƙarya wajen shekarar 395, ya sake wani wajen 420. Ya raba ta gida takwas, ya tsaya a kan cewa ba wadda ta halatta, ko da ta ceton rai ce. Toma Akwinas a ƙarni na 13 ya mai da su uku: ta raha, ta taimako, da ta cutarwa. Har yau ana gardama kan ungozomomin Ibraniyawa da suka ruɗi Fir'auna, da Rahab da ta ɓoye ƴan leƙen asiri a Yariko, domin Littafin ya yabe su.

Abin da ya fi wuyar shiga kunne shi ne cewa gaskiya ma tana iya zama zunubi. Katikisim ɗin Katolika na 1992, wato littafin koyarwarsu, sakin layi na 2477, ya bambanta abu uku: saurin yanke wa mutum hukunci ba hujja, tona aibinsa na gaske ga waɗanda ba su sani ba alhali ba dalili, da ƙaga masa abin da bai yi ba. Ke nan "ai ba ƙarya na yi ba" ba ta wanke mai gulma. Martin Luther, wanda ikilisiyar Lutheran ta samo asali daga gare shi, tun a 1529 ya ce kame baki kaɗai bai isa ba, sai mutum ya kāre maƙwabcinsa, ya faɗi alherinsa, ya kyautata masa zato.

A zaman yau da kullum

Gulmar majami'a tana da tata riga. A taron zumuntar mata wata sai ta sassauta murya ta ce, "Ƴan'uwa, mu sa wance cikin addu'a," daga nan ta zayyane yadda mijin ya daina kawo cefane da inda aka gan shi. Kafin a ce amin sirrin gidan ya zama na unguwa. Maza ma ba a bar su a baya ba, a fada ne kawai suke tasu, ana jiran shayi na biyu ya nuna. Yanzu kuma ga saƙon murya na WhatsApp, wanda kan isa Yamai kafin mai maganar ya tashi daga tabarma. A ƙaramar ikilisiya da kowa dangin kowa ne, kalma ɗaya kan raba gida biyu da zuwa sujada.

Hanyar gyara da ikilisiyoyi ke bi tana cikin Matiyu 18:15-17. Wanda aka ɓata wa ya fara samun ɗan'uwansa su biyu kaɗai. In bai ji ba ya tafi da mutum ɗaya ko biyu, sai a ƙarshe a kai gaban ikilisiya, inda dattawa kan iya sa mai laifin ƙarƙashin horo, a dakatar da shi daga cin jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwar Yesu, har ya tuba. A aikace sau da yawa akan tsallake matakin farko, wanda shi ne mafi nauyi. Katolika sun ɗora wajibin ramuwa: wanda ya ɓata sunan wani sai ya gyara, a bainar jama'a in ta yiwu, ko da an riga an gafarta masa. Hukuma ma tana da nata hannu, domin dokar Nijar ta 2019 kan laifukan intanet ta sa ɓata suna ta waya ko kwamfuta cikin abubuwan da ake gurfanar da mutum a kansu.