Wai 'yan Katolika kansu kawai suke wa addu'a?

Tun muna yara a Kano muke jin wannan magana, wai in an shiga coci a Sabon Gari ba a tuna kowa sai 'yan ciki. Gaskiya ba haka bane.

Ku duba Juma'ar da ke zuwa kafin bikin Ista, dab da ƙarshen azuminsu na kwana 40 ɗin nan da ake farawa ranar Laraba da shafa toka a goshi. A ranar, wajen ƙarfe 3 na yamma, ana yin roƙo guda 10 a jere, haka ake yi a babban cocin Our Lady of Fatima na Kano kamar yadda ake yi a Roma. Ana faɗin wanda za a roƙa wa, jama'a su yi shiru, sannan Fada, wato limamin cocin, ya yi addu'ar kowa ya ce amin. Eh, ana farawa da coci da Fafaroma da sauran mabiya da masu shirin baftisma da haɗin kan Kiristoci, amma daga nan fa sai Yahudawa, sai waɗanda ba su bi Almasihu ba, wato har da mu maƙwabtansu Musulmi kenan, har wanda bai yarda da Allah ba ma yana ciki, sai masu mulki.

Na goman ya fi taɓa ni wallahi, marasa lafiya da mayunwata da fursunoni da matafiya da wanda ke gargarar mutuwa.