Ƙwaron tsinke ba ya jiran namiji

Mai kiwon ƙwaron nan mai kama da tsinke zai iya ɗauka cewa in babu namiji a keji, ƙwan da mace ta saka fanko ne. Ina! Nau'in Indiya, Carausius morosus, kusan duk mata ne, kuma ƙwansu na ƙyanƙyashewa ba tare da barbara ba.

Ƙwan nan ƙanana ne, ruwan ƙasa, kamar irin shuka mai ɗan murfi a ka, ga su cakuɗe da kashi a gindin keji. Mutum ya share ya juye a tukunyar fure, bayan wasu watanni sai ga 'yan tsinkaye suna yawo a kan ganye. Wanda ba ya son ƙari, ya sa sharar a firiza tukuna kafin ya zubar.