Tarar Medicare ba ta kai mutum kurkuku, amma ba ta sakinsa

Tun da Shugaba Trump ya sa hannu a babbar dokar haraji a watan Yulin 2025, saƙonnin murya ke ta yawo a WhatsApp tsakanin 'yan uwanmu na Bronx da sauran biranen Amurka. Wai an kori duk baƙi daga Medicare, wato inshorar lafiyar da gwamnatin Amurka ke yi wa masu shekara 65 zuwa sama. Wai wanda ya cika shekara 65 bai yi rajista ba, za a ƙwace masa girin kad, wato katin izinin zama na dindindin. Duk biyun ƙanzon kurege ne. Ɗan ƙasa da mai girin kad suna nan daram. Waɗanda dokar ta taɓa su ne irin 'yan gudun hijira da masu mafaka da ba su kai ga samun girin kad ba. Rashin rajista kuma ba laifi ba ne, babu ɗan sanda a maganar.

Abin tsoron na gaske, wanda ba a cika turo shi a guruf ba, shi ne tarar jinkiri ta Sashe na B.

Sashe na A na kwanciya asibiti ne, kuma kyauta ne ga wanda ya yi aikin shekara goma yana biyan haraji. Sashe na B shi ne na ganin likita da gwaje-gwaje, ana biyansa wata-wata: dala 185 a 2025. Wata bakwai ake ba mutum ya shiga, wato uku kafin watan da zai cika 65, da watan kansa, da uku bayansa. In ya wuce, kowace cikakkiyar shekara ta jinkiri tana ƙara masa kashi 10 cikin ɗari a kan kuɗin da yake biya duk wata.

A nan ne mutane ke kuskuren fahimta. Suna jin "tara" sai su ɗauka sau ɗaya ake biya a huta. Ina! Ɗauki Baba da ya ce lafiyarsa lau, ya koma Kumasi ko Kano ya yi shekara uku, tunda dai Medicare ba ta biyan asibitin gida. Ciwon suga ya taso, 'ya'ya suka dawo da shi. Kashi 30 ya hau kansa: a farashin 2025, dala 55 da rabi ke nan a kan 185, kowane wata, muddin yana cikin shirin. In kuɗin wata ya tashi baɗi, tarar ma ta bi shi.

Hujjar gwamnati ita ce kada mutane su jira sai ciwo ya kama su sannan su shigo. Na fahimta. Amma ni dai ban ga adalcin hukunta tsoho har kabari saboda shekarun da ya yi a ƙasar da katin ba ya ko sayen farasitamol ba.

Akwai mafita, sai dai ƙofarta ƙarama ce. Wanda har yanzu yake aiki, ko matarsa ke aiki, kuma inshorar wurin aikin ta rufe shi, yana iya jinkirtawa ba tara, sannan yana da wata takwas bayan barin aikin. A kula da kalmar "har yanzu". Inshorar 'yan fansho da COBRA, wadda mutum ke ci gaba da biya bayan ya bar aiki, ba sa cikin lissafi, kuma wannan ramin ya ci mutane da yawa. Direban tasi da ke sayen inshorarsa da kansa ma bai tsira ba.

Mai ƙaramin ƙarfi kuwa ya nemi tallafin jiharsa ta ofishin Medicaid, wato shirin lafiya na gwamnati ga marasa ƙarfi. In ya cancanta, jihar ce za ta biya kuɗin watan, tarar ta faɗi. Wanda lokaci ya riga ya wuce masa, ana buɗe rajista daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Maris, a ofishin Social Security, hukumar da ke kula da fanshon gwamnati.