Kakapo

Kakapo wani babban aku ne da ba ya tashi sama, kuma a ƙasar New Zealand kaɗai ake samunsa. Sunan daga harshen Maori, 'yan asalin ƙasar, ya fito: kaka, aku, po, dare. Masana suna kiransa Strigops habroptilus, sunan da George Robert Gray ya raɗa masa a 1845.

Siffa da ɗabi'a

Ya fi kowane aku nauyi a duniya, namiji yakan kai kilo 4. Gashinsa kore ne mai ratsin rawaya da baƙi, fuskarsa kamar ta mujiya. Da rana yakan laɓe, da dare ya fito kiwon ganye, saiwa da 'ya'yan itace. Yana hawa bishiya da ƙafa da baki. In ya ji motsi sai ya ƙame wuri ɗaya. Dabarar ta yi masa rana a zamanin da tsuntsaye masu farauta da ido ne abokan gabansa, amma jikinsa yana da ƙamshi mai ƙarfi, don haka dabba mai bin sansana ba ta wahalar gano shi.

Ba ya hayayyafa sai shekarar da bishiyar rimu ta yi 'ya'ya sosai, kusan duk bayan shekara 2 zuwa 4. Namiji yakan haƙa ɗan rami a kan tudu, ya kumbura ƙirji, ya kwana yana gurnani mai kama da kiɗan ganga daga nesa.

Tarihi

Maori sun farauce shi don nama, suna yin mayafi da gashinsa. Babbar ɓarna ta zo tare da Turawa: kyanwoyi, ɓeraye, da wasu ƙananan mafarauta masu kama da tunku da aka sako wajen 1880 don rage zomaye. Daga 1894 Richard Henry, wani mai kula da namun daji, ya kwashe kakapo fiye da 200 zuwa tsibirin Resolution don ya cece su, amma cikin 'yan shekaru mafarautan suka yi iyo suka cim musu. Waɗanda aka gano a duwatsun Fiordland, a kudancin ƙasar, daga 1974 duk maza ne, abin da ya karya gwiwar masu bincike. Sai a 1977 aka tarar da wani garke a tsibirin Stewart, daga baya aka tabbatar akwai mata a ciki. A 1995 guda 51 kacal suka rage.

Mazauni a yau

Yawancinsu suna tsibiran da aka kawar da mafarauta, kamar Whenua Hou da Anchor. A 2022 adadinsu ya kai 252, kowanne da sunansa da na'urar bin sawu a bayansa.