Wai ihun nan da kake sawa a shago waƙa ce? Ga amsa, a bar ni in huta

Ina da ɗan ɗakin ɗaukar murya a nan Garwa, aikina waƙoƙin biki ne da tallan rediyo. In aiki ya lafa da yamma nakan sa irin waƙoƙin nan da mawaƙi ke gwaje-gwaje da muryarsa, ba kiɗa, wani lokacin ko kalma ɗaya babu. Tun daga nan ban huta ba. Mai shayin ƙofar shago ya tambaya, masu moto sun tambaya, wani har daga Marwa ya turo min saƙon murya a WhatsApp na minti shida. Kuma tambayoyin duk iri ɗaya. To ga su na tara, wanda ya sake zuwa da ɗaya daga ciki wannan zan miƙa masa.

Waƙa ce ko ihu?

Waƙa ce.

Matar nan mai tari da dariya lafiyarta ƙalau kuwa? Ba iska ba ne?

Ƙalau take, ko in ce take a lokacin, don ta rasu tun 1983. Sunanta Cathy Berberian, Ba'amurkiya ce 'yar asalin Armeniya. Tarin nan da ka ji, da dariyar, da gunagunin, da hakin, duk a rubuce suke a takarda, wani ɗan Italiya Luciano Berio ne ya tsara mata a tsakiyar shekarun 1960, sunan abin Sequenza III. Har yau mata mawaƙa na koyonsa suna yi. Ka taɓa ganin mai iska da ke tari a wuri ɗaya yau da gobe da jibi bisa takarda? To ka daina yi min a'uziyya a bakin ƙofa.

Me kalmomin ke nufi?

Yawanci babu kalmomi, ko kuma an farfasa su har ba sa ganuwa. Meredith Monk ta Amurka, haihuwar 1942, ta fi shekara hamsin tana waƙa mafi yawanta da gaɓoɓin da ba na kowane harshe ba. Kuma ni abin da ke ba ni mamaki, kai da ka tashi kana jin guɗa kai ne ke wannan tambaya. Ranar kai amarya gwaggonka ta kama hanci ta rangaɗa ayyururui, tsigar jikin kowa ta tashi, uwar amarya ta fashe da kuka, wa ya tsaya ya ce a fassara masa?

Haram ne?

Ga malamai nan cike da gari, ni maɓallan sauti nake murɗawa.

Ai abin Turawa ne, ina ruwanmu

Wannan ce ke ɓata min rai. A kudu maso gabashin ƙasar nan tamu Kamaru matan ƙabilar Baka suna da waƙar da ake kira yelli, murya na tsalle daga ƙirji zuwa ka tana dawowa, kowace da nata zaren amma su haɗu su zama tufa ɗaya, a daji suke yi kafin a fita babbar farauta. Mutanen dajin nan na tsakiyar Afirka suna da wata 'yar sarewa mai sauti ɗaya, mutum ya busa ya rera ya busa ya rera da sauri har ka rasa ina busa ina murya. Marigayi Francis Bebey, ɗan Duwala, haihuwar 1929, ya haɗa irin wannan da kayan kiɗan lantarki tun da daɗewa. Ƙungiyar makaɗin jazz Herbie Hancock a Amurka sun kwaikwayi salon a 1973, da kwalba ma suka busa. Su suka zo suka ɗauka, mu muna nan muna cewa nasu ne.

Kuma manyan masu yi yanzu ba duka Turawa ba ne. Tanya Tagaq 'yar ƙabilar Inuit ce daga can ƙuryar arewacin Kanada, wasan maƙogwaro da matansu ke yi bibbiyu ta ɗauka ta mai da shi nata ita kaɗai, ta ci kyautar waƙa ta Kanada da ake kira Polaris a 2014. Sainkho Namtchylak daga Tuba take, wani yanki na Rasha a bakin iyakar Mongoliya, har faifai ta yi da makaɗan Tinariwen, Buzayen Mali.

Mutum ɗaya yana fitar da murya biyu, ba na'ura ba ce?

Ba na'ura ba ce. Duk sautin da ka fitar akwai wasu siraran sautuka a samansa, kunne ne ke haɗe su ya ji ɗaya. Mawaƙin yana riƙe na ƙasa, ya gyara harshe da leɓe har ɗaya daga cikin na saman ya fito fili kamar fito. Shi ke nan.

Ina so in koya daga YouTube, ba zai lalata min murya ba?

Yauwa, wannan ce tambaya. Kuma amsar ita ce ya danganta, ƙanena, don abin ba iri ɗaya ba ne.

Akwai na sama, mai kama da fito. Shi da sauƙi, don aikin a baki yake ba a maƙogwaro ba. Ka shiga ɗakin da ba kaya da yawa, ka riƙe sauti ɗaya mai daɗin riƙewa, ba ƙarfi, ka tafi a hankali daga uuu zuwa iii ka dawo, sannan ka gwada da kan harshe a ɗage kusa da ganɗa. Wani a kwana biyu yake jin fiton, wani sai ya yi wata, ni sai da na kusa haƙura. In dai ba matsewa kake yi ba, da wuya wannan ya cuce ka.

Na ƙasa ne abin tsoro, mai gurnani, wanda mutanen Tuba ke kira kargyraa. A saman igiyoyin murya akwai wasu naɗe-naɗen nama guda biyu da ba su saba aiki wajen magana ba, su ake sa wa su kaɗa, igiyoyin su kaɗa sau biyu naɗe-naɗen kuma sau ɗaya, shi ya sa sautin ke faɗawa ƙasa haka. Wanda ya iya, a sake yake yi, ba ya jin zafi. Matsalar ita ce mai koyo a waya ba shi da wanda zai ce masa tsaya ba haka ba, sai ya riƙa kankare maƙoshi da ƙarfi yana jin ƙara ya ɗauka ya samu. Wani yaro ƙanin abokina, shi ke taya ladanin unguwarsu kiran salla, ya zo nan ya ji, ya koma gida ya kwana uku yana gurnani a tsakiyar hunturu. Rana ta huɗu ya shigo shago yana yi min magana da hannu kamar kurma, ya buɗe baki iska kawai ke fita. Sati guda wani ne ya yi kiran asuba. Muryar ta dawo dai, alhamdu lillahi, amma ba kowa ke dacewa haka ba.

To ni ba likita ba ne, amma ga abin da nake gaya wa masu zuwa. Minti biyar zuwa goma ya isa a rana da farko. Ɗan ƙaiƙayi da tari a kwanakin farko yakan faru, zafi kuwa ko jin kamar an soka maka ƙaya, tsaya nan take, kar ka ce bari in daure. Kar ka yi da mura, kar ka yi in ƙurar hunturu ta busar da kai, a zafin Maris da Afrilu na garin nan kuma in kana azumi ka bari sai bayan an sha ruwa, busasshen maƙogwaro ba ya son wasa. Zuma da citta da kanumfari suna da daɗi, sha abinka, amma ka sani hanyar abinci suke bi ba sa taɓa igiyoyin murya, ruwa da hutu su ne magani. Raɗa ma ba hutu ba ce, in za ka yi shiru yi shiru. In murya ta dishe ta wuce sati biyu zuwa uku, tafi asibiti wajen likitan kunne da hanci da maƙogwaro, wanda ake rubuta wa ORL a ƙofa. Kuma dan Allah kar wani ya ja ka wajen wanzami wai a cire beli, beli ba ruwansa.

In kuwa da muryarka kake ci, ladan ne kai ko malamin makaranta ko mawaƙin biki, ni dai da zan ba ka shawara ka tsaya a na sama, na ƙasa ka bari sai ka samu wanda ya iya ya zauna da kai, ko da ta bidiyo ne kuna ganin juna. Kar ka tsorata fa, dubban mutane na yi lafiya lau, gaggawa ce ke kai mutum ga nadama.

Ana samun kuɗi?

A Garwa? Yi waƙar amarya.

Ba za ka rage ƙarar ba?

Baba mai shayi, na ji. Ana kiran magariba nake kashewa ai, kuma jiya da kunnena na ji kana gwada uuu iii ɗin kana firfita gawayi.