In ƙasa ta burma a filinka, wa zai biya ka?

Da zarar ƙasa ta burma a gidan wani ko gonarsa rami ya buɗe, abin da jama'a ke fara cewa shi ne ai gwamnati za ta biya diyya. Toh ba haka doka ta ce ba fa.

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna ne a matsayin amana, kai abin da kake da shi izinin zama ne da amfani, shi ne wannan satifiket ɗin da ake karɓa a KADGIS, wato hukumar rajistar filaye ta jihar Kaduna, yawanci na shekara 99. Ramin bai soke wannan izinin ba, filin yana nan a sunanka ko da rabinsa ya shige ƙasa, kuma kuɗin ƙasa da ake biya duk shekara bai faɗi don wannan ba.

Diyya tana shigowa ne in gwamna ya soke izinin don amfanin jama'a, sashe na 28 na dokar kenan. Ko a nan ma sashe na 29 bai ce a biya ka kuɗin filin kansa ba, abin da ka ɗora a kai ake ƙiyastawa, gini, shuka, rijiya da sauransu, kuma darajarsu a ranar da aka soke ake dubawa. Kaga kuwa gidan da ya riga ya rufta nawa zai yi? Wannan wajen wallahi akwai ƙwara a ciki. Buhun shinkafa da kwanon rufin da hukumar agajin gaggawa ke kawowa kuwa tallafi ne kawai, ba diyya ba.

Shi ya sa abin tambaya shi ne me ya jawo ramin. Mu nan Kaduna yawanci ba haka kawai yake faruwa ba, ko tsohuwar rijiya ce ko masai da aka binne, ko kududdufi aka cike da shara aka yanka fuloti aka sayar, ko ramukan masu haƙar zinare irin na wajen Birnin Gwari. In kamfani ne mai lasisi, dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta masa biyan ɓarnar da ya yi wa mai fili da kuma gyara wurin bayan ya gama. In 'yan haƙar bayan fage ne, sai dai Allah Ya kyauta, wa za ka kama?

Wanda kuma ya sayar maka da fili alhali ya san bola ce a ƙasa ya ɓoye, wannan aibi ne ko a shari'ar Musulunci, kana iya kai shi ƙara ka nemi kuɗinka, matsalar dai shaida ce.

Kar kuma ka zuba tifa biyu ta jar ƙasa ka ce za ka sake gini, sai injiniya ya gwada ƙasar tukuna sannan ka nemi izini a KASUPDA, wato hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, in ba haka ba ka tashi da safe ka ga jan fenti a katangarka.